Itacen da Ambaliya Ta Tarar

Sokome, tafkin Nokuwe
9 ga Fabrairu, 1989

Zuwa ga yayana, Fofo Agosu, malamin makaranta a Kandi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Afiyavi da yaran biyu, kuma zazzaɓin da ya kama ƙaramar ya sake ta. Mu nan lafiya. Gwiwar Inna ta dama tana damunta idan ta daɗe a jirgi, amma ba ta yarda a faɗa. Ta ce in gaya maka garau take, to na gaya maka. Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san aji uku na yi aka mayar da ni ruwa, kai aka bari ka ƙarasa.

Mun kwashe akajar Baba, wurin nan da muke kafa rassa a ruwa kifi ya taru, ranar Talatar da ta wuce. Mu tara muka zagaye ta da taru, muka yi ta nutso muna tumɓuke rassan da muka kafa bara, har kwana biyu. Kifi ya yi ƙiba a cikinsu, ba zan ɓoye maka ba. Tun rasuwar Baba ban ga karfasa irin ta bana ba. Na yi ta murna har lokacin da Inna ta dawo daga kasuwar Tokpa.

Ta ce tun safe take zaune. Matan ma'aikata da suka saba cewa "Mama, zaɓo mini manya guda huɗu" sai su zo su taɓa kifin, su tambayi kuɗi, su wuce wajen masu ƙananan busassu. Wata da ta shekara tana saye a hannunta ta ce mata, "Mama, mijina wata uku bai ga albashi ba." Inna ta ce, "To ni ma karfasar nan wata goma ban ga fuskarta ba, sai jiya." Matar ta yi dariya, amma ba ta saya ba. Da rana ta karkata, 'yan matan Baffa Hunsa suka zo suka kwashe duka a rabin kuɗin bara. Shi yana da murhun banda guda shida da mota mai kai kifi arewa, ba ruwansa da albashin Kotonu.

Abin da aka samu na sallami masu taru, na sayi masarar da za ta kai mu damina, ya ƙare.

Ga dalilin wasiƙar. Rassan da muka tumɓuke, tsutsar ruwan gishiri ta gama da su, in ka matsa sai su zama gari a hannunka. Wurin Baba yanzu fayau yake, jirgi na ratsa shi. Kowace shekara war haka kakan aiko da abin sayen rassa mota biyu a bakin gaɓar Kalavi. Bana ban ji ka ba. Ba gaggawa nake maka ba, ambaliya sai Satumba. Ina dai tuna maka ne.

Ɗakinka yana nan a rufe. Na sake ɗaure jinkar, shuɗiyar ƙofar nan da ka sa kafinta ya yi maka a Kotonu ko fentinta bai kwaile ba. Inna tana share shi duk ranar kasuwa kamar gobe za ka zo.

Ƙanenka,
Dansu

Kandi
20 ga Maris, 1989

Ƙanena Dansu,

Na sami wasiƙarka, na gode. Ƙaramar ta warke. Ka gaida Inna, ka ce na ce ta rage tuƙi, in ma za ta ji. Rubutunka ya gyaru, ka daina raina kanka.

Zancen rassa kuwa, Dansu, matar nan ta kasuwa ba ƙarya ta yi wa Inna ba. Ni yau wata biyar ke nan. Ɗan abin da na ajiye a banki, mun je mun tarar da ƙofa a garƙame da takarda a manne. Mun tsaya mu fi ɗari muna karanta takardar, kamar in an yawaita karantawa za ta sake magana. Mun shiga yajin aiki, makaranta a rufe take. Afiyavi tana soya ƙosai a ƙofar gida, ni nake jajjaga mata barkono daga ciki, don kada ɗalibaina su gani.

Amma bari in gaya maka wani abu da ya ba ni mamaki, har ya ɗan sanyaya mini zuciya. Shugaban makarantarmu, wanda da ba ya amsa gaisuwa sai da kai, jiya na gan shi a layin masu sayen garin rogo, da kwanonsa a hannu, bayan wani mai gadi. Ya sayar da babur ɗinsa. Babban akawun gari yana noman albasa. Wannan masifa ba ta bar babba ba, ba ta bar ƙarami ba. Na karanta cewa idan tattalin ƙasa ya durƙushe, tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi takan ragu, domin wanda yake sama shi ne yake da nisan faɗowa. Yanzu na gani da idona. Yau a ƙasar nan kowa ya zama ɗaya, malami da masunci, duk gari muke jiƙawa.

Saboda haka ka yi haƙuri, ka kwantar da hankalinka. In mu ba mu kafa rassa bana ba, wa zai kafa? Kowa hannunsa wayam. Ruwa ba ya gudu, wurin Baba yana nan inda yake. Idan aka biya mu, ko da a Disamba ne, zan aiko da na mota uku.

Na ji daɗin labarin ɗakin. Albashina na farko da na biyu ke nan a tsaye a kan ruwa. Wani lokaci in abin ya ishe ni, shi nake tunawa.

Yayanka,
Agosu

Sokome
16 ga Afrilu, 1989

Fofo,

Gaisuwa da girmamawa. Mun gode wa Allah da ƙaramar ta warke. Inna na nan, gwiwar ta kumbura, ni nake kai ta Kalavi yanzu in dawo. Labarin bankin ya hana ta cin abinci yini guda. Ta ce a gaida Afiyavi, a ce mata suyar ƙosai ba abin kunya ba ce, kai ma ka fito waje ka jajjaga barkononka.

Fofo, na karanta wasiƙarka sau uku. Ban yi karatun da ka yi ba, amma maganar nan ta kowa ya zama ɗaya ta tsaya mini a wuya.

Shugaban makarantarku ya sayar da babur. Wa ya saya? Wannan nake so ka duba. Ba a sayar wa iska.

Ku kun sauko, gaskiya ne, amma cikin kwanonmu kuka sauko. Ƙananan kifin nan da muke zubawa a miya, waɗanda da ake ba yara kyauta a bakin gaɓa, yanzu matan ma'aikata sun koma kansu, kuɗinsu ya ninka. Babban kifi da muke sayarwa ya faɗi, ƙaramin da muke ci ya tashi. Shugabanku ya shiga layin gari, to mai gadin da ke gabansa fa, da da can ma gari yake ci, yanzu me yake ci? Ka tambaye shi.

Duk wanda aka sallama a tashar jiragen ruwa da kantunan Kotonu ya tuna yana da uwa a tafki. Sun dawo da birgi, tarun nan na jifa. Mashigar nan ta gabas da mukan yi jifa mu shida, shekaranjiya na ƙirga jirgi talatin da ɗaya, birgi na faɗawa kan birgi, har faɗa aka yi da filafili a kan ƙaguwa. Aikin nutso da a da ake biya kuɗi a haɗa maka da kifi, yanzu tuwo da miya ne, kuma mutane na roƙo a ɗauke su.

Ka ce wa zai kafa rassa. Baffa Hunsa zai kafa. Masu kawo rassa daga tudu sun rasa mai saye, motoci na jere a Kalavi itace na bushewa, shi kaɗai yake zuwa ya faɗi abin da ya ga dama, su sauke. Masu kafa masa kuwa tuwo yake ba su. Bana akajarsa ta ci daga bakin rafin So har kusa da wurin Baba. In ka tsaya a jirgi ka duba yamma ba ka ganin ruwa, sai itacensa. Ya sayi injin jirgi na biyu.

Shekara goma sha biyu rabonka da nutso, bari in tuna maka ƙa'idar ruwan garinmu. Ba takarda ake dubawa ba. Idan ambaliya ta sauko, tsofaffi sukan zaga a jirgi. Itacen wanda suka tarar a tsaye, an kafa shi da rana a gaban jama'a, ya rufe gefe huɗu har jirgi ba ya ratsawa, wurin nasa ne. Wurin da ya zauna fayau ana iya yi wa mai shi uzurin shekara guda. Amma wurin da itacen wani ya tsaya a ciki, ya tafi.

Ka tuna Zannu, abokin Baba, mai haƙorin nan guda a gaba? Bara ya rasa abin sayen rassa. Baffa Hunsa ya ce masa, "Haba ɗan'uwa, ina raye wurinka zai zauna tsirara? Zan kafa maka, mu raba kifi." Ambaliya ta zo ta tarar da itacen Hunsa. Da Zannu ya je bana zai karɓi wurinsa, tsofaffi suka ce, "Itacen wa ke tsaye?" Yanzu Zannu, da furfurarsa, yana cikin masu nutso a wurin ubansa, a ba shi tuwo. Na ce masa, "Baba Zannu, ba ka san ƙa'ida ba ne?" Ya ce, "Na sani, yaro. Cikina ne bai sani ba." Mutum huɗu ke nan da na ƙirga da suka rasa wurinsu ta wannan hanya.

Makon jiya Baffa Hunsa ya zo gidanmu, ya kashe inji tun daga nesa, don ladabi. Ya kawo wa Inna man shafawa na gwiwa. Ya ce, "Matar ɗan'uwana, wurin marigayi ya zama hanyar jirage, abin yana damuna." Inna ta ce, "Allah ya rage maka damuwa, Hunsa, ga shi har ta sa ka yi tumbi." Da zai tafi ya ce, "Ai gidan nan yana da babba, malami, mai hankali. Da shi ya kamata a yi magana."

Fofo, motarsa tana bi ta Kandi duk mako biyu za ta Malanbil. Don Allah, in ya aiko maka da kowace irin magana, kada ka amsa. Gara wurin ya zauna fayau mu roƙi uzuri.

Ƙanenka,
Dansu

Kandi
25 ga Yuni, 1989

Dansu,

Ina fata kuna lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani. Tun Maris na rubuto maka, yau wata uku, ko layi ɗaya. Na san gidan waya ma suna cikin yaji, amma wanda ya damu yakan sami hanya. Ko don ban aiko da kuɗin rassa ba ne aka daina sanina? Shekara goma sha ɗaya ina aikowa. Shekara guda na kasa.

Mu nan sai godiya. Babban yaron ya yi gudawa, ya rame. Ƙosai ba ya ciniki, masu suya sun fi masu saye yawa.

Wanda ya tuna da ni shi ne Baffa Hunsa. Direbansa ya tsaya a ƙofar gidana da kwandon bandar kifi da galan na manja. Afiyavi ta yi kuka. Rabon yarana da kifi tun Ista. Wannan mutumin da mahaifinmu kakansu ɗaya, kuma ya nuna.

Ya aiko da magana mai kyau. Zai kafa rassa a wurin Baba da kuɗinsa, in an kwashe a raba kifi biyu, har zuwa lokacin da zan farfaɗo. Ba mu sa ko sisi ba, mu sami rabi. Ina laifin wannan? Na amince, a matsayina na babban gida. Kuma ban yi sakaci ba, na rubuta yarjejeniya da hannuna da faransanci, cewa wurin namu ne, aro ne kawai, na sa hannu, direban ya dangwala yatsa a matsayin shaida. Kwafi ɗaya yana wurina. Ya ce zai kafa a farkon Yuli.

Na san halinka, kana da zurfin ciki da zargin mutane. Kada ka kawo masa cikas, kada ka kunyata ni. Wannan wasiƙar ma direbansa ne zai kawo maka, ka ga ita za ta iso.

Ka gaida Inna.

Yayanka,
Agosu

Sokome
14 ga Yuli, 1989

Fofo,

Gaisuwa. Yaya jikin babban? Inna ta ce a dafa masa ganyen gwaiba. Ita gwiwa da sauƙi. Ni lafiya, sai tafin hannuwana da suka tsage, shi ya sa rubutun ya karkace.

Na rubuto maka tun Afrilu, doguwar wasiƙa. Tana kwance a buhu a wani wuri tsakanin nan da Kandi. Tawa wata uku ba ta isa ba, ta Baffa Hunsa kwana biyu. Ka ƙara wannan a cikin lissafinka na kowa ya zama ɗaya. Maganar an daina saninka kuwa, ban karanta wa Inna wannan layin ba.

Baffa Hunsa da kansa ya kawo wasiƙarka, kuma bai ba ni ita a hannu kawai ba. Ya zo da takardar yarjejeniyar, da wani tsohon akawun kanti da yanzu yake riƙe masa jaka, ya sa ya karanta ta a kan dandamalin gidanmu da ƙarfi, ya fassara, maƙwabta na leƙe daga tagogi. Ya ce, "Ka ji, Dansu. Babba ya yi magana."

Na ce, "Na ji, Baffa. Tsofaffi in sun fito zagaye, takarda za su duba ko itace?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai yaron nan tun kana tsirara kake da tambaya."

Inna ta ce, "Ba ka amsa masa ba."

Ya ce, "Litinin mai zuwa jiragena za su kawo rassa."

Fofo, kwandon kifin da ya sa Afiyavi kuka, ina jin karfasar Baba ce, wadda aka saya a hannun Inna a rabin kuɗi. Ban faɗa don in ɓata maka rai ba. Yaranka sun ci kifin kakansu, ya yi kyau. Amma ba a ba da wurin da kifin ya fito a kan kwando ɗaya.

Kwana shida nake da su. Na je Kalavi, masu rassa suka ce Hunsa ya kama duk abin da ke ƙasa. Na je wajen tsofaffi in roƙi uzuri, suka ce uzuri na wurin da ba wanda ya kafa ne, kuma yayanka ya ba da izini, ba su da ta cewa. Na ce, "In ni na riga kafawa fa?" Ɗaya ya ce, "Da me? Da gashin kanka?" Babbansu ya ce, "Itace dai itace ne. A kafa da rana, ya rufe gefe huɗu."

Na dawo na zauna a jirgi a ƙarƙashin gidanmu, ina kallon sama. Gora ce, gwangwala ce, turaku ne. Duk garin nan a kan itace yake tsaye.

Da ɗakina na fara, ina so ka san wannan. Na rushe shi ranar Laraba, na tsaga gorar, na kafa. Gefe ɗaya ya rufe, da kyar. Na cire rumfar bandar Inna, ta ƙara rabin gefe. Na tsaya ina duba naka. Ka san shi ne babba, turakunsa goma sha shida, gorar bangonsa ninki biyu.

Na ce wa Inna, "Albashinsa na farko ne."

Sai ta shiga ta share shi tas, kamar yadda ta saba, ta fito da tabarmarka da akwatin littattafanka da hoton nan naku na ranar aure. Ta ce, "Ka fara da jinka, kada ta faɗo maka."

Kwana uku muna yi. Zannu ya bar aikin Hunsa ya zo, ya rasa tuwon kwana uku, ya ce ba komai, ya daɗe bai kafa itacen da ba na Hunsa ba. Mutum biyu daga cikin masu birgi su ma suka taya. Duk garin ya fito kallo, wasu na cewa Dansu ya haukace. Wata mata ta ce, "Ana gina gida a samu wurin kwana, kai kana rushewa kifi ya samu." Na ce, "Kifin ne ke biyan haya." Dab da gamawa wani gurbi ya rage ta gefen Hunsa, faɗin jirgi guda, itace ya ƙare. Na ɗauko ƙofar.

Ranar Litinin Hunsa ya zo da jirage biyu shaƙe da rassa. Ya kashe inji. Ya daɗe yana kallon shuɗiyar ƙofa a tsaye a tsakiyar tafki. Ya ce, "Wane daji ka saro wannan?"

Na ce, "Na gidanmu ne, Baffa."

Ya ɗaga takardarka ya ce, "Yayanka ya sa hannu."

Na ce, "Ya sa hannu ka kafa a wurin da ba kowa. Ga itacensa nan ya riga ka. Shi ya saya, da albashinsa."

Ya ce, "Ni taimako na zo yi. A wannan zamani da kowa yake shan wahala."

Zannu ya ce daga cikin ruwa, "Hunsa, in taka wahala ce, a sam mini."

Mutane suka yi dariya, Hunsa ya ta da inji. Rassan ba su yi asara ba, washegari ya kafa su a wurin 'ya'yan marigayi Avose, da ba su da ɗakin rushewa.

Na saɓa maka, Fofo, na kuma taɓa abin da ba nawa ba. Ka yi fushi yadda ka ga dama, ina jira. Wannan a gidan waya zan saka ta, don ba ni da direba.

Ƙanenka,
Dansu

Kandi
29 ga Yuli, 1989

Ƙanena Dansu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Babban ya sami sauƙi.

Jiya aka kawo mini wasiƙarka ta Afrilu, ta yi datti, ɓera ya ci gefe ɗaya. Ita kaɗai ta iso. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na manta da ƙa'idar ambaliya, Dansu. Ni ɗin da Baba ya riƙa ɗorawa a gaban jirgi ranar zagaye. Na zauna na tsara faransanci mai kyau, har da ja layi da rula.

Babur ɗin shugabanmu, na tambaya. Mai gidan da muke haya ne ya saya, na huɗu ke nan a farfajiyarsa. Shi ne kuma ya ba mu mako biyu mu tashi, zai zuba buhunan masara a ɗakinmu, ya ce masara ba ta yajin aiki.

Na san zuwa yanzu Hunsa ya kafa. Da hannuna na ba da wurin Baba a kan kwandon kifi. Ban san da wane ido zan kalli Inna ba. Maganganun da na gaya maka a wasiƙar baya, ka yafe mini.

Za mu taho gida. Ba makaranta, ba albashi, ba ɗaki. Za mu tsaya mako biyu a Bohikon wajen yayan Afiyavi, kusa da tashar mota, daga nan sai Sokome a ƙarshen Agusta. Abu ɗaya ya rage mini a duniya da ba wanda zai ce in tashi, shi ne ɗakin nan. Na gaya wa yara ƙofarsa shuɗiya ce, suna ta murna. Ka buɗe shi ya sha iska.

Yayanka,
Agosu

Sokome
17 ga Agusta, 1989

Fofo,

Gaisuwa gare ka da Afiyavi da yara, da mutanen gidan da suka sauke ku. Mu lafiya. Wannan wasiƙar wata mata mai kai jatan lande Bohikon ce za ta ba ka hannu da hannu. Akwai wata da na rubuto a Yuli, ina jin ta wuce ku a hanya, tana can za ta Kandi wajen buhunan masara.

Ba abin yafewa. Yunwa ce ta sa hannu, ba kai ba.

Hunsa bai kafa ba. Wurin Baba yana hannunmu, gefe huɗu a rufe, jirgi ba ya ratsawa. Ruwa ya fara sauya launi, kainuwa ta fara saukowa daga rafi, tsofaffi sun ce zagaye bayan mako uku. In ka iso za ka zauna a gaban jirgi, kai ne babba, kai za ka amsa in sun tambaya itacen wa ke tsaye. Ka ce naka. Ba ƙarya za ka yi ba.

Don ɗakinka ne, Fofo. Ba rassa a Kalavi, ba lokaci, na rushe nawa bai isa ba, na rushe naka na kafa. Littattafanka da hotonku suna wajen Inna, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba.

Ga yadda za mu kwana. Afiyavi da yara a ɗakin Inna. Ni da kai a dandamali, na ɗaura leda a sama, in ruwa ya yi yawa mu koma ƙarƙashin gida cikin jirgi. Zannu ya ce zai koya maka nutso daga farko, tun da aji uku ka yi a ruwa aka cire ka. In mun kwashe a Fabrairu, ko a rabin kuɗi Hunsa ya saya, za mu fara da turaku huɗu.

Hunsa yanzu yana da wuri goma sha ɗaya. Mu muna da ɗaya, kamar bara, sai dai babu ɗaki biyu da rumfa. Ka zo ka ƙirga da kanka, kai ne ka iya lissafi.

Kada ka ce wa yara ka yi musu ƙarya. Ƙofar tana nan, shuɗiya ce har yanzu. Jiya na nutsa ta gindinta, na tarar 'ya'yan karfasa sun cika wurin, ba sa ko gudun mutum. Ka ce musu na buɗe ɗakin ya sha iska, amma akwai baƙi a ciki.

Ranar da za ku taho ku sauka a gaɓar Kalavi kafin rana ta yi tsaka, ina nan da jirgi. Ka bar takalmanka a jaka.

Ƙanenka,
Dansu